Leɓen Kuramochi

Na fi shekara arba'in ina kaɗa wa Kuramochi Genzo ganga, kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa zama mun yi gwaji kafin wasa ba. Dokarmu ke nan, in har za a kira ta doka. Ba a shirya waƙa, ba a ƙirga a fara tare, ba a yanke inda za a tsaya. Shi ya ɗaga ƙahonsa, ni in ɗauki sandunana, duk abin da ya fito daga wurin ɗaya sai ɗayan ya karɓa a matsayin kiɗa, ya amsa masa. Ko tari ne, ko kukan kujera. Ba ka da bakin cewa abokinka ya yi kuskure, don a irin jaz ɗinmu, wanda ake ce wa sakakke, babu abin da ake kira kuskure. Haka muke gaya wa 'yan jarida lokacin da muke da gashi a ka, kuma har ga zuciya mun yarda da maganar.

Ɗan mahaƙin kwal ne daga Kyushu. A ƙungiyar kiɗa ta makaranta ya koyi busa, ya shigo Tokyo bai cika ashirin ba. Ya yi busa a gidajen rawa na bakin barikin sojan Amurka, ya yi yawon tallar sababbin kantuna a titi, fuska fara fat da hoda, yara na bin sa a baya. A unguwar Shinjuku na gamu da shi, a shekarun da ɗalibai ke ɓamɓaro duwatsun titi suna jifan 'yan sanda. Wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, hayaƙin taba ya hana ka ganin na kusa da kai, shi kuma yana tsaye a tsakiya yana busa kamar an taka masa wuya. Rabin mutanen suka tashi suka fita. Ni na kasa tashi. Da ya gama na je na ce masa ni makaɗi ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kana da mota?" Na ce akwai wata akwalar babana. Ya ce, "To zo gobe."

Sautinsa ba mai daɗi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Kauri gare shi a ƙasa, in ya hau sama kuma sai ya tsage gida biyu, ka ji shi har a haƙoranka. Amma ba na kowa ba ne, nasa ne, ko ta bayan bango ka ji shi ka san wane ne. A kan wannan sautin ya kashe rayuwarsa. Mun yi 'yan faya-fayai, mun leƙa Turai sau biyu, an rubuta sunansa a mujallun da ba mai karantawa sai irinmu. Abinci dai bai taɓa fitowa daga ƙahon ba, fentin gidaje yake yi. Kullum da safe, kafin ya tafi aiki, sai ya sauka bakin kogin Tama, ƙarƙashin gadar jirgi, ya yi ta busa, saboda bangon ɗakinsa siriri ne, maƙwabta ba za su ɗauka ba. Matarsa Tokie ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta tattara kayanta ta koma garinsu. Shi da kansa ya raka ta tasha, ya riƙe mata jaka, daga can ya wuce bakin kogi.

Yana gab da saba'in, wata safiya ya tashi ya tarar ɓarin fuskarsa na hagu ya zube. Likita ya ce jijiya ce, za ta dawo. Ta kuwa dawo. Bayan 'yan watanni in ka gan shi ba za ka ce an yi komai ba, yana dariya, yana zagi, yana cin abinci ba ya zubarwa. Abin da ban sani ba, don bai gaya wa kowa ba, shi ne leɓen bai dawo duka ba. Sautin ƙaho ba daga ƙarfen yake fitowa ba, leɓen mutum ne ke karkarwa a cikin bakin ƙahon, ƙarfen ya ɗaga shi kawai. In gefe ɗaya ya yi sanyi, sai iska ta riƙa zurarewa ta nan, sauti ba ya kamuwa.

Orie, mai wani gidan kiɗa da ake kira Ido a unguwar Koenji, ita ta matsa ya dawo wasa. Mama muke ce mata, ko da yake mun girme ta. Lahadi da rana ta ba mu, domin masu sauraronmu sun tsufa tare da mu, kowa na so ya koma gida kafin gwiwa ta fara ciwo.

"Gen-chan, ashe ba ka mutu ba?" ta ce wa Genzo da muka sauko matakala. "Ni da har na sayi baƙar riga saboda kai."

Ya nuna ni ya ce, "Adana ta, Mama, za ta yi wa Hata amfani. Dubi yadda ya koɗe."

"Ni in riga ka?" na ce. "Ai sai na ga bayanka, tsoho."

Ya yi dariya, amma na lura bai fito da ƙahon ya ɗumama shi ba kamar yadda ya saba. Ya bar shi cikin jaka har lokaci ya yi.

Ɗakin ya ɗan cika. A kujerar gaba akwai Nagumo, mai rubuce-rubuce a kan kiɗa, wanda ya bi mu tun muna samari, kowane faifanmu yana da shi har kwafi biyu. Masu sauraronmu ba sa magana, ba sa kaɗa ƙafa. Sunkuyar da kai suke yi, su rufe ido, kofi ya huce a gabansu. Na daɗe ina yi musu dariya a kan haka, amma ina son su.

Gen ya ɗaga ƙaho. Ya ja numfashi irin wanda na sani, na kafaɗa, wanda yake ja in zai hau can sama. Ya busa. Iska ta fito, fuuu, da ɗan ƙarar yawu a cikin ƙarfe. Ya sake ja, ya sake busawa, haka dai. Tun daga numfashin farko na gane. Mutum ne yake neman sauti bai samu ba. Amma kafin in gama ganewa hannuna ya riga ya ajiye sanduna, ya ɗauki 'yan tsintsiyoyin waya, ya fara shafa fatar ganga, shuu, shuu, yana amsa masa. Ban yanke shawara ba. Abin da hannun ya saba yi ke nan. Ya hura, na shafa. Maɓallan ƙahon suka yi ƙwas-ƙwas, na amsa da gefen ganga. Haka muka yi har ya sauke ƙahon, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ɗakin ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Ban taɓa jin an yi mana irinsa ba. Nagumo ya miƙe tsaye, gilashinsa a hannu, idonsa ya yi ja.

"Sensei," ya ce wa Gen, wato malam, ya rusuna har ƙasa, "ka wuce sauti. Ka cire duk abin da ya yi yawa, ka bar numfashi tsantsa. Mutumin da ya leƙa mutuwa ne kaɗai zai iya wannan."

Gen ya dube shi ya daɗe. Sannan ya rusuna shi ma, ya ce ya gode da zuwa.

Nagumo ya rubuta, wasu suka kwafa. Wata na gaba Mama ta ƙaro kujeru daga gidan shayin maƙwabta. Samari suka fara zuwa, masu baƙaƙen kaya, wasu da na'urar ɗaukar sauti a cinya. Har na ji an ce akwai masu busa ƙaho a Osaka da suka koma hura iska zalla, wai salon Kuramochi. Abin da bai samu ba yana da leɓe, ya same shi da leɓen ya tafi. Ni ban san ko dariya zan yi ba ko me. Shi kuwa kullum in mun hau, numfashin kafaɗar nan yake ja, ya nemi sama, ya faɗo. Ya daina zagina, ya daina tsokanar Mama. In an yabe shi sai ya rusuna, fuskarsa ba komai a kanta, kamar mai jiran jirgi.

Wata rana bayan wasa muka tsaya cin taliyar soba a tsaye, a ɗan shagon bakin tasha. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya juya taliyar ya juya, bai kai baki ba.

"Hata."

"Na'am."

"Kai ka ji?"

Na yi kamar ina fama da kwanona. "Na ji me?"

"Kada ka raina mini hankali, tsohon banza. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Me ka ji?"

"Leɓenka ya tafi, Gen-san."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Tun busar farko."

Ya saki wani dogon numfashi, ya dafa kantar shagon da hannu biyu. Na rantse sauƙi na gani a fuskarsa, shi ne karo na farko da na ga wani abu a kanta cikin watanni.

"To me ya sa ka amsa?"

"Me kake so in yi? Ka busa, na amsa. Ba haka muke yi ba?"

"Ban busa ba."

"Hannuna bai san haka ba."

Mai shagon ya zo ya ɗauke kwanon wani ya goge wurin.

"Ba iska nake hurawa ba, Hata," ya ce. "Sautina nake nema, na da. Faɗuwa nake yi a gabansu, su kuma suna tafi. Nagumo ya fi ni sanin faya-fayaina. In bai iya bambanta wancan da wannan ba, to me yake ji duk shekarun nan? Me dukansu suke ji? Tokie ta tafi a kan sautin nan. Ban haifi ɗa ba, ban gina gida ba. So nake in san ko akwai wanda ya taɓa jin sa, ko kuwa ni kaɗai nake ta haukata a ƙarƙashin gada."

"Ni na ji shi."

"Kai ba ka cikin lissafi, kai rabin jikina ne. Su nake nufi."

"To ka gaya musu mana. Ka hau ka ce jama'a, leɓena ya mutu, a yi haƙuri."

"In na faɗa da baki me ya rage? Su ce ayya, sannu, su aiko mini da kankana mai tsada a cikin kwali. Ba tausayi nake nema ba. Da kunnensu nake so su ji. Mutum ɗaya ya ishe ni, ya ɗaga kai ya ɓata fuska." Ya juyo ya dube ni. "Kai ne kake yi mini sutura. Da shuu-shuu ɗin nan naka kake mai da abin kiɗa. Ran Lahadi ka tsaya. Ka ajiye komai, ka bar ni tsirara."

"Ban taɓa barin ka kai kaɗai a dandamali ba."

"Shi ya sa nake roƙon ka. Ka taɓa jin na roƙe ka wani abu?"

"Mota."

Ya ɗan murmusa da gefen dama. "To wannan na biyu."

Ban so ba. Raina ya ɓaci duk satin, na rasa da wa nake fushi. In ya yi nasara, za a kunyata shi a gaban mutanen da suka bi shi tun ƙuruciya. In bai yi ba, ban ma so in yi tunanin wannan. Amma na ce to.

Lahadin ta zo, ɗakin ya cika har matakala. Muka fara kamar kullum, ya hura, na shafa. Can sai na ɗora tsintsiyoyin a kan ganga, na ɗora hannuwana a gwiwa. Sun yi ta ƙaiƙayi, sai da na matse su.

Da babu ni a ƙarƙashinsa, abin ya fito fili. Tsoho ne a tsaye, fuskarsa ta yi jawur, kuncinsa na hagu yana rawa, iska na zurarewa ta gefen baki. Wani lokacin ɗan sauti ya so ya kamu, ƙiii, ya kuɓuce. Yawu na ɗiga daga bakin ƙahon zuwa kan takalminsa. Da za ka jawo kowane mai wucewa daga titi, zai ce maka wannan bawan ya kasa. Ni kuma na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai buɗe ido, wanda zai motsa a kujera, wanda zai dubi na kusa da shi. Duk kawunansu a sunkuye.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Ya bar neman sama, ya kama wata 'yar waƙar makaranta, irin wadda kowane yaro a ƙasar nan ya rera a aji, wadda ɗan koyo ke busawa a satinsa na farko. Ya yi haka ne don kada a sami mafaka. Waƙa ce da kowa ya san yadda ya kamata ta fito, in ba ta fito ba an san ba ta fito ba. Yatsunsa suka bi ta daidai, maɓallai na ƙwas-ƙwas, ana iya gane ta daga nan. Sauti ko ɗaya bai tashi ba. Ya koma farko, ya sake, ya kasa. Ya sake komawa. A karo na ƙarshe ƙahon har bugun haƙorinsa yake yi. Ya sauke shi, ya tsaya yana haki, ya buɗe ido yana kallon su kai tsaye, abin da shi ma bai saba yi ba.

Wata mata a baya ta fara shessheƙa. Sannan suka miƙe, dukansu, har waɗanda sai sun dafa sanda. Tafin ya ƙi ƙarewa. Ni ina zaune bayan gangunana, ban ji komai a jikina ba, ko fushi babu. Kamar an yi mini allurar cire haƙori a ko'ina.

Nagumo ya ƙaraso, hawaye shaɓe-shaɓe, ya kama hannun Gen da hannu biyu.

"Waƙar yarinta, Sensei, ba tare da murya ba! Kowa ya ji ta a cikin kansa. Kuma yadda makaɗinka Hatakeyama-san ya janye ya bar maka fili, kai! Ka gafarce ni, amma zan faɗa. Duk abin da ka busa a baya share fage ne. Yau ka fara."

"Duka?" Gen ya ce.

"Duka, Sensei. Faya-fayan nan ƙuruciya ce kawai, hayaniya. Wannan shi ne kai."

Ba mugun mutum ba ne Nagumo, da ƙauna ya faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu wanda zan zaga.

Gen ya zare hannunsa a hankali, ya juya wajen kantar kofi inda Mama take. Ta fi kowa jin sa, tun tana budurwa mai raba kofi take jin sa. Ta bar abin da take gogewa, ta dube shi, hancinta ya yi ja.

"Yau ka taɓa ni, Gen-chan," ta ce. "Ban san kana da taushi haka ba. Kujerun wata mai zuwa sun ƙare tun yanzu, ka sani? In saka maka Lahadin ƙarshe?"

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya ce, "Saka."

Ya mai da ƙahon cikin jaka ko zubar da yawun ciki bai yi ba. Muka hau matakala, muka fito hasken rana, mutane na ta sayayyar Lahadi, wata yarinya na rabon takardar goge hanci ta talla. Ya karɓi ɗaya ya sa a aljihu. Na yi ta jira ya yi zagi, ko ya yi jifa da jakar, ko ya ce mini ni na jawo. Da ya yi, da na ji daɗi.

"Gen-san," na ce.

"Lahadin ƙarshe. Ka zo da tsintsiyoyinka."

"Ba dole ba ne fa. Sai mu ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata lau." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Ka kaɗa duk abin da ka ga dama, Hata. Duk ɗaya ne."

Mun yi shekaru muna wasa bayan nan, har sai da ƙafarsa ta kasa hawa matakala. An kai mu Turai, an ba shi lambar yabo, ya karɓa ya rusuna. Bai ƙara jan numfashin kafaɗa ba, iska kawai yake hurawa, daidai yadda suke so, idonsa a kan bango. Bai sake tambayata ko na ji ba. Ni ma ina shafa gangata a bayansa, tunanina na kan abin da zan saya a hanyar gida, don na daina saurare.